Shinkafa Mai Dusa a Kwanon Baba

Baba manomin shinkafa ne a ƙauyenmu da ke kusa da Jahun. Tun muna yara, duk ranar da ba a dafa shinkafa ba, a wurinsa ba a yi girki ba. Ina Dutse wurin aikina na koyarwa Inna ta kira ni a waya, ta ce an auna shi a asibiti, an ce ciwon suga ne.

Kafin in samu zuwa gida, 'yan dubiya sun gama tsara masa rayuwa. Wannan ya ce shinkafa guba ce ga mai suga, wancan ya ce tuwo ma haka, wani kuma ya kawo saiwoyi a leda. Baba ya ɗauki maganar kowa. Ya koma daga dafaffen zogale sai ɗan wake. Na tarar da shi a zaure, riga ta yi masa yawa, har yana cewa bana ba zai shiga fadama ba, me zai yi da noman abin da aka hana shi ci. Inna ma ta daina dafa shinkafa saboda kada ƙamshin ya dame shi.

Ranar komawarsa asibiti ni na raka shi. Bayan likita ya gama, aka tura mu wurin wata ma'aikaciya da ke yi wa masu suga bayanin abinci. Ta tambaye shi wa ya hana shi shinkafa, ya ce mutane. Da ta ji sana'arsa, sai ta ce ai shi zai fi kowa saurin ganewa.

Ta ce in an cire wa shinkafa ɓuntu, akwai wata 'yar jar fata da ke lulluɓe da ƙwayar, wato dusa. A cikinta bitamin da sauran abubuwan da jiki ke buƙata suka fi yawa, kuma ita ce ke sa shinkafa ta daɗe a ciki kafin ta narke. In inji ya goge ta ta yi fari tas, kusan sitaci ne kawai ya rage, shi ya sa suga ke saurin hawa. Ta ja masa kunne kada ya ɗauki mai dusar a matsayin magani, don ita ma sitacinta na nan. Ta ce ya riƙa cin kaɗan, ganye da wake su fi ta yawa a kwano, kuma kada ya bar shan maganinsa.

Baba ya ce, "'Yata, dusar da muke zuba wa tumaki, ita ce mai amfanin?"

"Ita ce, Baba," in ji ta. "Tumakinka sun daɗe suna morewa."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ni kuwa sai a lokacin na lura tun shigowarmu na ƙanƙame jakata a ƙirji. A cikin a-daidaita-sahu muna komawa ya fara lissafa min irin da zai shuka bana, kamar ba shi ya rantse ya bar noma ba.

Muka ɗebi shanshera muka kai inji, muka ce a cire ɓuntun kawai a bar dusar. Mai injin sai da ya sa aka maimaita masa, don kowa roƙonsa yake ya ƙara mata fari. Dahuwar farko ta fito garas-garas, saboda Inna ta dafa ta yadda ta saba dafa fara. Daga baya ta gane sai an jiƙa ta tukuna, kuma ba a casa ta da yawa, don ba ta jure ajiya. Ranar da ta dahu sosai, Baba ya tauna a hankali, ya ce ɗanɗanon wadda mahaifiyarsa ke sussuka musu a turmi ke nan.

Awon da ya biyo baya, sugan ya sauka, jikinsa ma ya fara cikowa. Da zan tafi, Inna ta raka ni bakin titi tana mita, wai wannan shinkafar ta cinye mata itace, amma fuskarta a sake. Tun kafin motarmu ta fita daga Jahun barci ya ɗauke ni, sai a tashar Dutse direba ya tashe ni.