Kujerar Bayan Ginshiƙi

Duk wanda ya yi yawon silima a Mubi zamanin Gongola ya san Kalibu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne makahon nan mai tufka igiya, wanda ke zama bayan ginshiƙi a Silimar Bobboi. Mutumin Muchalla ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, da murya kamar ta mai kiran shanu. Da idonsa ya girma, ya yi noma, ya auri Liyatu, suka haifi ɗansu Adi. Daga baya gani ya riƙa dusashewa har ya ɗauke ɗungurum. 'Yan'uwa suka ce ya zauna a gida a riƙa ba shi. Ya ce idonsa ne ya mutu, hannunsa na nan. Ya kwashi iyalinsa ya shigo gari, ya kama tufkar igiyar rama a bakin kasuwa, masu shanu da masu jakuna suna saye.

A shekarar da aka ƙirƙiro jihar Gongola ne Alhaji Bobboi ya buɗe silimarsa. Kada ka ji an ce silima ka ɗauka wani abin a zo a gani ne. Katanga huɗu ce ba rufi. Bangon gaba an shafe shi da farar ƙasa, a nan hoto ke fita. Gaba ƙasa ce tsura, mai tabarma ya shimfiɗa, marar ita ya zauna kan takalminsa. Baya bencina ne na katako masu cike da kuɗin cizo, can ƙarshe kuma ɗan ɗakin mai inji da 'yar tagarsa. In hadari ya taso wasa ya tashi ke nan, kowa ya yi ta kansa.

Hanyar gidan Kalibu ta bayan katangar take. Kullum in ya zo wucewa sai ya ji jama'a sun ɗauki sowa gaba ɗaya, sun yi tsit, sun sake fashewa da dariya. Abin ya tsaya masa a rai. Ran nan ya dogara sandarsa ya bi layi. Mai ƙofa ya ce ya shige kyauta, ai ba gani zai yi ba. Kalibu ya ce sadaka ta mai bara ce, shi sana'a gare shi, a yanka masa tikiti kamar kowa. Wani mai tsaurin ido a bayansa ya ce, “To Baba, me za ka gani a ciki?”

Kalibu ya ce, “Kai mai ido, Indiyanci kake ji? Rabi kake samu, rabi nake samu. Matsa min.”

Kuma gaskiyarsa. Da kunne yake kallo, da bakin jama'a. In 'yan gaba suka ce “Ga shi nan bayanka”, ya san mugu ya laɓe. In suka yi tsaki, ya san an cuci marainiya. In 'yan dako suka miƙe suna buga ƙafa, ya san an fara dambe, kuma ya san wa ke shan kashi. Sau da yawa washegari shi ke ba masu ido labarin wasan a kasuwa, har da abin da barci ya sa suka rasa.

Matsalarsa ɗaya: tsawo. Ya zauna gaba, a ce ya tare. Ya koma baya, a ce makaho ya cinye wa masu ido benci. Matsa nan, matsa can, har wasa ya ƙare yana ja da gindi. Ba abin da ya tsana a duniya kamar kalmar nan, matsa. Tun da idonsa ya tafi ita yake ji, a kasuwa, a mota, har a ƙofar coci.

Bayan 'yan shekaru Alhaji Bobboi ya yi wa gidan rufin kwano. Magina suka ce faɗin ya yi yawa, dole a kafa ginshiƙi a tsakiya. Aka kafa shi, ƙato, na siminti, hannu biyu ba ya zagaye shi. Duk wanda ya zauna bayansa ba abin da zai gani sai siminti, saboda haka wurin ya zama kufai. Kalibu ya lalubo shi da sanda, ya shafa shi sama da ƙasa, ya zauna. Aka yi wasa aka gama ba wanda ya ce masa uffan. Washegari ya zo da 'yar kujerarsa da ya saƙa da igiya, ya ajiye. Alhaji Bobboi ya gani ya yi dariya, ya ce, “Kalibu, ka yi gida ke nan.” Kalibu ya ce ya yi.

Daga wannan kujera ya ji gidan yana sake kama. Da can sauti sama yake gudu. Da aka rufe sai ya dawo yana karo da bango, in ruwa ya sauko kuma kwano ya cinye komai, sai dai jama'a su yi ta ihu a ƙaro murya. Aka yi silin, muryoyi suka yi taushi. Aka zuba daɓen siminti, ɓawon gyaɗa ya fara ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Aka rataya fankoki, ɗaya daga ciki tana kuka kamar ƙofar da ba ta ga mai ba, ita ce ma ke gaya masa an kawo wuta. Aka fitar da bencina aka jera kujerun ƙarfe. Shi dai ginshiƙi yana nan. In kiɗa ya yi nauyi sai ya jingina goshinsa da shi, ya ji ganga tana bi ta simintin har cikin haƙoransa.

Liyatu kuwa ba ta taɓa taka gidan ba, kuma ba ta taɓa barin faɗa a kansa ba. 'Yar zumuntar matan coci ce, mai riƙon addini. Takan ce, “Baban Adi, da girmanka da furfurarka, cikin 'yan tasha da hayaƙin taba? Me zan gaya wa mata a coci?” Yakan ce ta gaya musu mijinta ya je kallo. Haka suka tsufa, tana mita yana tafiya.

Da Alhaji Bobboi ya rasu, gidan ya koma hannun ɗansa Hammanjoda. Yaron ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi. Gidajen bidiyo sun fara tsirowa a lunguna suna kwashe masa mutane. Sai ya yi shawarar ya jawo manya, ma'aikata da malaman kwaleji: a raba zauren biyu da katanga iya ƙirji, a cike bayan da ƙasa ya yi tudu, a shimfiɗa darduma, a sa kujeru masu katifa. Katangar za ta bi layin ginshiƙi. Wurin Kalibu zai shige ƙarƙashin ciko ke nan.

Hammanjoda ya same shi da ladabi. Ya ce, “Baba Kalibu, na ware maka kujera mai katifa a sama, kusa da fanka. Kyauta, har iya rai.”

Kalibu ya ce, “Ɗana, su manyan naka suna ihu?”

“A'a, Baba, ai shi ya sa ake raba su.”

“To ka makantar da ni sau biyu ke nan. Kyautar kuma riƙe abarka.”

“To ka koma gaba mana.”

“In koma a ce na tare? Ubanka ya same ni a nan, a nan ya bar ni. Ba inda za ni.”

Hammanjoda ya ɗauka rigimar tsufa ce, za ta wuce. Ranar Asabar da sassafe magina suka iso da bulo da yashi, shugabansu Vandi, mutumin Michika. Suna shiga suka tarar da Kalibu zaune a kujerarsa, ya ɗaure ƙugunsa da ginshiƙi da igiyar da ya tufka da hannunsa, irin wadda ake ɗaure bijimi da ita. Hammanjoda ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce zai sa a yanke igiyar. Kalibu ya ce a yanke, wata na cikin jaka.

Aka fara gini daga bangon dama, aka taho. Da aka iso kusa da ƙafar Kalibu sai Vandi ya ajiye cokalin gini. Ya ce, “Alhaji ƙarami, a wajenmu ba a jera dutse a kan inda babba yake zaune. Kamar ka gina masa kabari ne da ransa. Ni ba zan yi ba, yarana ma ba za su yi ba.”

Rana ta take, kwano ya ɗau zafi, ba wuta balle fanka. Gumi ya jiƙa rigar Kalibu sharkaf, leɓensa ya bushe. Tsoro yake ji, kada ka ce ba ya ji. Ya san in aka ɗauke shi cak aka ajiye waje, ba abin da zai iya, kuma ba shi da wani wurin. Amma ko motsi bai yi ba. Can dabara ta faɗo wa Hammanjoda. Duk gari an san Liyatu ta tsani gidan nan. Ya aika a kira ta ta zo ta tafi da mijinta.

Ta zo, da kwanon tuwo a kanta da goran ruwa a hannu. Ta daɗe tsaye a bakin ƙofa kafin ta sa ƙafa. Ta dubi silin, ta dubi farin bangon, ta dubi mijinta ɗaure kamar akuyar sayarwa. Kalibu ya gane takunta, ya kuma san in ita ta ce ya tashi, ƙarfinsa ya ƙare.

Hammanjoda ya ce, “Yauwa Mama, yi masa magana. Ke ma ai ba son zuwansa kike ba.”

Liyatu ta sauke kwanon, ta ba mijinta ruwa ya sha. Sannan ta juyo. Ta ce, “Shekara da shekaru ina faɗa da mutumin nan a kan gidan nan. Faɗan nawa ne, ban ba kowa aro ba. Mutum ya bar gonarsa, ya rasa idonsa, ya samu ɗan wurin da ko kare ba ya so, shi ma ku ce ya matsa? Ya matsa ina?” Ta jawo bulo biyu ta ɗora, ta gyara zaninta, ta zauna kusa da shi. “Sai ku zuba ƙasar a kanmu mu biyu.”

Siminti yana bushewa a ƙasa. La'asar ta yi, 'yan kallo sun fara taruwa a waje, labari ya bazu, ana leƙe ta ƙofa ana cewa a bar wa Baba wurinsa. Hammanjoda ya dubi tsoho da tsohuwa, ya cire hularsa ya share gumi. Ya ce, “Vandi, kauce musu.”

Vandi ya sake jan zare. Katanga ta zo daidai ginshiƙi ta lanƙwasa baya, ta zagaye kujerar, ta dawo layinta, ta bar wani lungu da bakinsa ke buɗe wajen 'yan gaba masu ihu. Ba ta yi kyau ba ko kaɗan, ta ci wa manya kujera biyu, kuma Hammanjoda bai daina tsaki ba duk ranar da ya kalle ta. A wannan lungu Kalibu ya ci gaba da zama har aka rufe gidan, shekarar da aka raba Gongola.

Amma a ranar ginin katangar ƙin kwance igiyar ya yi, ya ce sai ya ji an fara wasa yana zaune a wurinsa. Liyatu ba ta da yadda za ta yi, ta tsaya. Aka kawo wuta, jama'a suka cika, hoto ya fito a bango. Ta leƙa ta gefen ginshiƙi, ta riƙe baki.

“Baban Adi, ga wata mace tana gudu cikin furanni. Ga namiji ya biyo ta. Ko kunya ba su ji, a gaban mutane...”

Kalibu ya jingina goshinsa da ginshiƙi. Ya ce, “Maman Adi, yi shiru, ina kallo.”