Inda Gari Ya Ƙare

Duk sa'ad da na ji ƙamshin gasasshiyar masara da damina, sai in tuna kawuna da babbar motarsa ta dakon dankali. Ina yaro a unguwar Rikkos ta Jos, in an yi hutu yakan ɗora ni a gaba mu zaga garuruwan Filato.

Kawu ba ya auna gari da lissafi. Faɗin gari da masara yake auna shi. Barikin Ladi, a wurinsa, rabin masara ne: ka shiga kana gaigaya, ka fita ba ka cinye ba. Fankshin masara guda. Yawan mutane kuwa da gaisuwa yake gane shi. In hannunsa ya gaji da ɗagawa ta taga, to garin ya cika.

Abin da ya fi riƙewa shi ne bakin gari. Can bayan Bukuru akwai wani dutse da shingen ƙerana, daga nan babu sauran gida. Da mun wuce shi sai ya ce, "To, mun zama matafiya." Daga nan sallarsa ta koma ƙasaru, raka'a biyu maimakon huɗu. Ni a lokacin na ɗauka dutsen ne ke rage sallar.

Bara na ɗauke shi a motata za mu ta'aziyya Shendam. Ya tsufa, ya daɗe bai fita ba. Muka tashi bayan azahar ta yi, ya ce zai yi sallarsa in mun fita gari. Muka wuce Daɗin Kowa, muka wuce Bukuru. Gidaje dai, shaguna dai, gidajen mai dai. Ya manna goshi a gilashi yana neman dutsensa.

"Ɗana, mun fita?"

Wallahi ban sani ba. Ga la'asar tana matsowa, ga tsoho yana ta murza carbi cikin damuwa. Na tsaya wurin wasu mata biyu masu gasa masara na tambaye su ko nan ina ne.

"Oga, nan Jos ne mana," in ji ɗaya.

"Wane Jos? Ƙauyenmu ne, Jos ne ya zo ya same mu," in ji ɗayar.

Na waiwayi Kawu. Ya sauko a hankali, ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma a gefen wani shagon siminti. Na tsaya ina kallonsa. Huɗu ya yi.

Da ya sallame ya ce, "Mutum ba ya ƙasaru a gida." Ya bi masu wucewa da ido. "Amma in gida ne, ya ban ga wanda zan gaisa da shi ba?"

Kullum ina bin hanyar nan, ina duban tsakanin gine-gine ko zan hango dutsen. Na sayi masara a ranar na miƙa masa. Ya riƙe ta a cinya har Shendam, bai ci ba.