Lomar Gwaggo

Daminar da amai da gudawa ya shigo ƙauyenmu, can gefen Minjibir, gero ya fara fitar da kai, ɗana na fari kuma bai daɗe da fara tafiya ba. A gidanmu kakar mijina cutar ta fara kamawa. Da yamma ta kwanta, washegari da hantsi ta cika.

Gwaggon mijina ce ta yi wa gawar wanka. Ita ce babba a matan gidan, ga ta da baki kamar reza. Ina kallo ta fito daga ɗakin, ta tsoma hannu a kwanon ruwan da kowa ke tsoma nasa kafin cin abinci, ta goge da gefen zani. Ba sabulu, ba ko toka. Ga shi kuwa a ranar riga-kafi malamar asibiti ta ja mana kunne cewa cutar nan a hannu take yawo, har daga jikin mamaci ana ɗauka. Ta ce a wanke hannu da sabulu, a zuba ruwan daga buta, kada a haɗa kwano.

Maza na dawowa daga maƙabarta, maƙwabta suka aiko da tuwo. Gwaggo ta jawo kwano, ta jawo yarona ta ɗora a cinya.

To, a wajenmu uwa ba ta nuna ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka na tarar, haka nake yi. Ina tsaye bakin murhu, tsoro ya cika ni, ina gani ta gutsuro tuwo, ta mulmula, ta dangwalo miya. Yaron ya buɗe baki.

Ban san sanda na tsallake tabarmi ba. Na fizge shi, lomar ta faɗi ƙasa.

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke 'yar nan, guba zan ba shi?"

"Ki yi haƙuri, Gwaggo. Hannun ne bai ga sabulu ba."

Wallahi gara a ce zaginta na yi. Mata suka ɗau salati, wai ba su taɓa ganin marar kunya irina ba, a kan ɗan fari, a gidan mutuwa kuma. Mijina ya ce na zubar masa da mutunci, in je in durƙusa. Na je na durƙusa, ta juya min baya. Haƙuri dai na bayar, amma raina a ɓace yake, kuma yaron yana goye a bayana ban sauke shi ba.

Ba a kai sadakar uku ba Gwaggo ta kwanta. Na tafasa ruwa, na haɗa gishiri da sukari, na shiga ina ba ta da cokali kafin a samo motar asibiti. Idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe, tana karɓa ba ta kallona. Ashe yaron ya biyo ni yana tangaɗi. Ya kama labulen ƙofa, ya miƙa mata hannu kamar yadda ya saba.

Ta ɗago kai da ƙyar.

"Fitar da shi, kada ya taɓa ni. Ki wanke hannu kafin ki ɗauke shi."

Maganar farko ke nan da ta yi min tun ranar. Na fita, na zuba ruwa daga buta, na wanke hannuna da sabulu, sannan na ɗauki ɗana a gaban matan gidan duka.