Yadda Kakata Ta Toshe Kwatarmu

Ɗazu na bi ta bayan wani gida, warin ruwan wanke-wanke da sabulun salo ya buge ni, sai ga ni a unguwarmu ta gindin dutse a Kazaure, ina yarinya.

Ka san garin da ke kan tudu, duk abin da aka zubar gangarawa yake yi. Kwatar kowane gida tana fitowa ta ƙarƙashin katanga ta haɗu da ta maƙwabta, ruwan marina ya biyo su da shuɗinsa, su sauka tare zuwa rafi. Da damina ba mai lura. Da rani kuwa rafin yashi ne zalla, sai mata sun tona shi da ƙoƙo sun jira ruwa ya tsattsafo. Nan muke ɗiba, nan Fulanin ƙetare suke shayar da dabbobinsu.

Kakata tana da ƙawa a cikinsu, wata dattijuwa mai kawo mana nono, tun suna 'yan mata suke tare. Wata rana ta sauke ƙwaryarta ta ƙi zama. Ta ce maruƙa na zawo, jikokinta ma haka, shanu kan sansana ruwan su juya. Mazajensu sun gama shawara, in sabon wata ya kama za su tashi su koma wajen Roni.

Kaka ta yafa mayafi ta tafi gidan mai unguwa, ina biye da ita. Dattawan zaure suka ce ai ruwa mai gudu ba ya riƙe ƙazanta, haka suka taso suka ji. Daga bakin ƙofa ta amsa a hankali: "Ranku ya daɗe, rafin ya daina gudu tun da aka gama girbi. Abin da ke gudu yanzu namu ne." Aka yi dariya, aka watse.

Da muka dawo ta kwaɓa laka ta toshe kwatarmu. Ruwa ya kwanta a tsakar gida, ƙudaje suka taru. Babana ya roƙe ta ta buɗe, ta ce abin da ya kasa zama da shi, shi yake aika wa mutane su sha. Sai ya ɗauki diga ya fara haƙa ramin da ta ce ruwan zai riƙa shiga. Ƙasarmu tauri gare ta, diga na tsalle tana tartsatsi. Maƙwabta suka zo kallo suna tsokanarsa, wai tsohuwa ta samu lebura. Kunya ta sa wasu suka karɓe shi.

Suka haƙa ramuka a jere a kan hanyar kwata kafin ta kai rafi. Mu mata muka yi ta jido tsakuwa da yashi da gawayin murhu muna cikawa, Kaka na dasa ciyawar jema a gefe. Ruwa ya shiga ramin farko baƙi ƙirin, ya fito daga na ƙarshe a sanyaye, ya washe. Masu rini suka fi gardama, sai da duba-gari ya sa baki suka yi nasu ramin daban.

Wata ya kama, Fulani sun ɗaure kaya amma ba su tashi ba. Dattijuwar ta jawo tsohuwar saniyarta zuwa sabon tono a yashi. Saniya ta sansana, ta daɗe tana hura hanci, sannan ta sa baki.

"Ke Kaɗo," in ji dattijuwar, "taurin kanki ya hana ni ganin Roni." Kaka ta ce ai Roni ce ta huta.

Yanzu En'e, wato ƙaramar hukuma, ta yi mana magudanar siminti, miƙaƙƙiya, gwanin kyau. Ta bi ta gefen ramukan ta zube kai tsaye cikin rafi. Allah ya karɓi Kaka kafin ta gani. Na je wurin wakilin tsafta na roƙa a karkatar da bakin magudanar, ya ce in dawo. Na koma, ya ce in sake dawowa. Gobe in na tashi daga koyarwa zan koma, kuma ba zan bar ƙofarsa ba sai ya biyo ni ya ga inda ɗalibaina ke ɗiban ruwan sha.