Ƙarfen da Muka Tayar a Gonar Mutane

Na daɗe ina sana'ar walda a Ɗambatta. Ƙofofi da tagogi da amalanke da garmar shanu da suka fita daga shagona ba su ƙirguwa, yawancinsu ma na manta fuskar masu su. Amma akwai wani ɗan aiki guda, wanda faɗinsa bai kai dadduma ba, da ba zai bar raina ba har ranar da ƙasa za ta rufe mini ido, domin kaɗan ya rage ya zama aikina na ƙarshe a duniya.

Wani dattijo ne a unguwarmu ya kawo mini shi. Ya yi aikin sadarwa a Kano har ya yi ritaya ya dawo gida, kuma da yake sa'an mahaifina ne, Baba nake ce masa. Yana da wata sha'awa da mutane da yawa ke yi wa kallon ɓata lokaci. Rediyo gare shi, ba irin wadda ake kunnawa a ji labarai ba, irin wadda kai ne za ka yi magana a ciki, wani mai irin sha'awarka a can wata ƙasa ya amsa maka. Yana da lasisinsa na hukuma, ya sa an manne shi da leda yana yawo da shi. Damuwarsa ita ce a cikin gari wayoyin lantarki da janaretocin maƙwabta suna cika masa na'urar da ƙara, ba ya jin kowa sosai. Shi ya sa yake so ya riƙa fita bayan gari da motarsa, ya ɗaga eriya sama, ya yi hirarsa, ya naɗe ya dawo. To amma doguwar sandar da za ta ɗaga eriyar, a ina zai kafa ta ba tare da ya riƙa haƙa rami a gonakin mutane ba?

Ya tsuguna a ƙofar shagona ya zana mini abin da yake so a ƙasa da tsinke. Farantin ƙarfe mai kauri, a kafa guntun bututu a tsaye a gefe guda, ɗaya gefen kuma a bar shi fili. In an je wurin sai a ajiye farantin a ƙasa, a hau kansa da tayar mota, nauyin motar ya danne shi, sannan a zura sandar a cikin bututun. Dabarar ta burge ni ƙwarai.

Na samo farantin a wurin 'yan gwangwan, daga jikin wata tsohuwar tifa. Na yanke shi, na goge bakinsa, na liƙa bututun. Gwajin farko bai yi ba, muna zura sandar sai muka ga bututun yana rangaji. Na koma na yanko ƙarafa uku na tokare shi ta kowane gefe. Na shimfiɗa guntayen rodi biyu a kan farantin don taya ta zauna a tsakaninsu kada ta zame. Ita kuma sandar, bututai ne na jera, wani cikin wani, na ƙasa na ƙarfe, na sama na alminiyam. Kowace gaɓa na huda ta na liƙa noti, na yi wa kusar ɗan hannu yadda za a murɗa ba sai da sifana ba. In aka zaro su duka, tsayinta ya fi gidan sama. Na shafa wa farantin jan fenti, na tsaya ina kallonsa kamar wanda ya ƙera jirgi. Ni da kaina na roƙi Baba ya tafi da ni ranar da zai fara gwadawa.

Lokacin kaka ne, an girbe gero, dawa tana tsaye. Muka nufi gonar wani tsohon abokinsa a wani ƙauye tsakaninmu da Minjibir. Abokin ya ce masa ya je duk ranar da ya ga dama, gona tasa ce. Abin da ba mu sani ba shi ne ranar ya tafi cin kasuwa, kuma bai gaya wa kowa zancenmu ba. Abin da ya fi wannan muni, wanda shi ma ba mu sani ba, 'yan kwanaki kafin nan 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da su sun tafi da wata matar aure, ana ta raɗe-raɗin cewa wasu baƙi ne suka zo da rana suka nuna gidan. Cikin mutanen da ke kwana ido biyu saboda tsoro muka shiga da mota, ba mu yi wa kowa sallama ba, muka tayar da ƙarfe a sama.

Da hantsi muka isa. Na ajiye farantin a gefen gonar, inda ƙasa ta ɗan gangara zuwa hanya, Baba ya hau kansa da tayar gaba ya ja birkin hannu. Muka zaro bututan ɗaya bayan ɗaya, muka ɗaure igiyoyi uku a turaku. Sandar ta tsaya ƙyam. Ya haɗa na'urar da batir, ya yi ta murɗe-murɗe, ya fara kiran waɗansu haruffa da lambobi da Turanci, waɗanda su ne sunansa a rediyo. Can sai ga muryar wani Bature ta fito tar, kamar yana bayan motar. Baba ya dube ni yana murmushi irin na yaro. Ban taɓa jin daɗin aikin hannuna kamar a wannan lokaci ba.

Ina cikin wannan farin ciki na hango wata mata da ke kalar gyaɗa a gonar da ke kusa. Ta miƙe tsaye, ta daɗe tana kallonmu, sannan ta bar kwandonta ta nufi gari da sauri. Na ɗauka mantuwa ta yi.

Ba a jima ba na fara jin hayaniya. Da farko kamar ta 'yan biki, daga nesa. Sai na ga kawuna suna fitowa ta cikin dawa, ta gabas da ta arewa, samari da magidanta, wasu da gora, wasu da adda, akwai mai bindigar toka. A bayansu mata da yara. Kalma guda nake ta ji tana yawo a bakinsu: infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Wannan kalmar na san ta, na kuma san abin da ake yi wa wanda aka liƙa wa ita.

Na matsa kusa da Baba na ce masa a hankali mu shiga mota mu gudu tun hanya ba ta toshe ba. Ya kalli sandar, ya kalli mutanen da suka fara kewaye mu, ya ce, “In na matsar da motar nan, a kan wa kake jin ƙarfen zai sauka?”

Sai a lokacin na gane. Abin da na ƙera da hannuna ya ɗaure mu a wurin kamar akuya a turke. Motar ce kaɗai ke danne da gindin sandar, sauke ta kuma sai an bi gaɓa-gaɓa a natse. Ba mu da wannan lokacin.

Baba ya yi musu sallama, ba wanda ya amsa. Ya faɗi sunan mai gonar, suka ce duk wanda ya zo leƙen asiri ai sai ya haddace sunan wani. Ya ciro lasisinsa, wani ya doke hannunsa takardar ta faɗi aka tattake ta. Kamar da gayya, sai Baturen nan ya sake magana a rediyon, yana maimaita haruffan Baba, yana neman jin ko yana nan. Nan take wurin ya ɓarke. Ga shaida, in ji su, iyayen gidansu ne ke kira. Wani saurayi ƙaƙƙarfa ya maka mini gora a kafaɗa har na durƙusa. Ina durƙushe na ji wani yana cewa a tura yaro ya kawo fetur.

Na sha jin labarin irin wannan, ana ba da shi a shago muna girgiza kai. Ban taɓa tunanin yadda wanda ke tsakiya yake ji ba. Ba kuka ne ya zo mini ba, ba kuma ihu ba. Wani irin sanyi ne ya kama ni daga ƙafa zuwa ƙirji, ga rana tana dukana amma haƙorana na haɗuwa. Na tuna matata tana da tsohon ciki, na tuna ban ma gaya mata inda za ni ba. Na kama kalmar shahada ina maimaitawa, ina jin harshena kamar ba nawa ba.

Wani ya sare igiya ɗaya da adda. Wasu suka ce kada a ƙona motar a nan, wuta za ta ci dawar mutane, a tura ta kan hanya. Ina gani wani ya buɗe ƙofa ya saki birkin hannu, suka jeru a gaba suka fara turawa. Na yi ta faɗa musu ƙarfen zai faɗo, amma muryata ta nutse cikin hayaniya. Tayar ta hau kan rodin da na shimfiɗa, ta ɗan tsaya, ta dawo, suka sake turawa da ƙarfi, ta tsallake.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai tsinci kaina a kan farantin, na taka shi da ƙafa biyu, na rungume sandar. Amma ina nauyina ina na mota? Na ji farantin yana ɗagowa da ni, sandar tana tafiya a hankali, tana ja na kamar ba komai ba. Ta karkata wajen wata bishiyar ɗorawa inda matan suka taru, wasu da goyo a baya. Su kuma ba su gudu ba, sun ɗaga kai suna kallo kawai, kamar an dasa su.

Saurayin da ya doke ni ne ya fara ganewa. Ya kalli sama, ya kalli gindin ɗorawar, ya yar da gorarsa ya kira “Inna!” da wata irin murya, ya zo ya sa kafaɗarsa a jikin ƙarfen ta ɗaya gefen. Fuskarsa dab da tawa, ina jin numfashinsa, gumin goshinsa yana ɗiga a hannuna. Baba ya cafko guntun igiyar da aka sare ya naɗa a hannu yana ja. Sai wani magidanci ya kama masa, sai wani ya hau farantin tare da ni, sai wani. Sandar ta tsaya a karkace tana rawa, amma ba ta faɗi ba.

Baba ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba, irin yadda mai gida ke yi wa 'yan aikin gayya. Ya ce kowa ya riƙe inda yake, kada wanda ya saki, ya ce mini in kwance kusar farko a hankali. Na murɗa. Bututun ya zamo da ƙarfi ya datse mini babban yatsa, farcen ya tafi, ban ma ji zafin ba sai daga baya. Muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da ɗazu suke neman jininmu, yanzu suna cewa juna “riƙe nan”, “sassauta can”. Kafin gaɓar ƙarshe ta sauko, ihun ya mutu. Fetur ɗin ya iso, amma wanda ya kawo shi ya tsaya daga baya da galan a hannu, ba wanda ya karɓa.

A haka mai unguwa ya same mu, an ɗauko shi a babur tare da liman. Ya ce ba wanda zai ƙara taɓa mu sai an ji ta bakinmu, ya sa mu a gaba har zaurensa. Tafiyar nan ma ba ta yi mini daɗi ba, don har yanzu akwai masu gunaguni a bayanmu, kuma ina jin kowane taku nasu a ƙeyata. A zauren aka kira mai gonar a waya. Ya baro kasuwar ya zo a rikice, ya rantse ya san Baba tun suna samari, ya yi ta salati yana cewa shi ya jawo. Mai unguwa ya saurari bayanin rediyon har ƙarshe, ban sani ba ko ya gamsu da amfaninta, amma ya gamsu da mu. Ya ce wa Baba, “Alhaji, da ka tsaya a ƙofar nan ka sha ruwa, da ni zan raka ka gonar.” Baba ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne.

A nan muka ji labarin matar da aka sace, muka kuma ji cewa mai kalar gyaɗar yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Na gan ta a tsaye a bakin zauren lokacin da muke fitowa. Ba ta ba mu haƙuri ba, ni kuma ban ga abin da zai sa ta bayar ba. Idanunta sun kumbura, irin na wanda ya daɗe bai runtsa ba. Saurayin kuwa shi ya ɗauko mini farantin ya sa a but ɗin motar, ya dubi yatsana ya ce in sa masa gishiri, ya juya ya tafi.

Na yi makonni ba na iya ɗaga hannuna sama, na yi fiye da haka ina firgita in na ji taron mutane sun ɗaga murya, ko da a filin ƙwallo ne. Na daɗe ina jin haushin mutanen ƙauyen nan, amma da shekaru suka tura sai haushin ya ragu, don na tambayi kaina abin da zan yi in ƙanwata aka ɗauka, sannan na ga baƙi a bayan gidana suna magana da wani da ba na gani.

Abin da na koya shi ne mutumin da ke cikin tsoro ba ya ganin niyyarka, abin da ke hannunka kawai yake gani. Gaskiyarka da takardarka ba za su yi maka magana ba in ka bari sai an kewaye ka. Tun daga ranar, duk garin da aiki ya kai ni, ko ƙofar shago zan kafa, sai na fara neman babban wurin na gaishe shi, na faɗi sunana da na mahaifina da abin da ya kawo ni, kafin in sauke ko guduma daga mota.