Lambobin Gourahari

A birnin Cuttack, duk lauyan da ya fara aiki kafin zuwan kwamfuta ya san hannun Gourahari Sahu, ko da bai san fuskarsa ba. Shekara talatin da huɗu ya yi a Maɗaba'ar Kathajodi, wani ɗan gidan buga hukunce-hukuncen kotu da ke bayan layin maƙeran azurfa. A wancan zamanin alƙali kan zuba hukunci shafi arba'in a jere, ba wurin shan iska. Gourahari zai karanta sau uku, ya gano inda alƙali ya gama ba da labari ya shiga auna hujja, da inda ya gama aunawa ya yanke, sannan ya raba shi sakin layi bayan sakin layi, ya sa wa kowanne lamba. Lauya na miƙewa ya ambaci lamba, sai kotu duka ta buɗe wuri ɗaya. Ba a taɓa buga sunansa ba, shi ma bai taɓa nema ba.

Da mai maɗaba'ar ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da ita ga wani babban kamfani na Delhi, wanda ya riga ya haɗiye ƙananan maɗaba'u shida. Aka yafa wa Gourahari mayafin ulu, aka ba shi wata takarda ya sa hannu, ya koma gida. Daga nan tsofaffin hukunce-hukunce suka koma cikin na'urar kamfanin, ƙananan lauyoyin da ke zama gindin bishiyar kotu kuwa kuɗin shiga ya fi ƙarfinsu.

Wata safiya Madhusmita Rout, 'yar maƙwabcinsa da ta zama lauya, ta shigo da damin takardu. Kofe ne na asali daga ma'ajiyar kotu, ba lamba ko ɗaya, tana so ta ɗora su a intanet kyauta.

"Kawu, Inna ta ce har jarida kake sa wa lamba."

"Sharri take mini."

"To wannan fa, a gefen labarin wasan kurket?"

Sabitri, matarsa, ta leƙo daga madafa. "Ɗauke shi, 'yata, ko na samu in share ɗakin nan."

Shekara biyu ya yi yana aikin, ya gama hukunci ɗari tara. Bai buɗe tsohon littafi ko ɗaya ba, don nasa gara ta cinye su tun shekarar ambaliya. Sai ga sammaci. Kamfanin ya ce an sace masa lambobi: cikin ɗari taran, ɗari takwas da tamanin da shida sun zo daidai da nasa, yanka a kan yanka. Yana neman a rufe shafin.

Gourahari ya karanta a tsaye, ya sake karantawa a zaune. Shinkafar da Sabitri ta jiƙa masa da nono tana gabansa, bai taɓa ba.

"Sata? Ni? Daga wa?"

Madhusmita ta ce, "Daga kanka, Kawu."

Ranar shari'a lauyan kamfanin ya zo da ladabi ƙwarai.

"Baba, ka duba littattafanmu?"

"Ban duba ba."

"To yaya aka yi suka zo daidai haka?"

"Ɗana, ai wurin yanka ɗaya ne, kamar gaɓar rake. Ni abin da ya dame ni goma sha huɗun da suka saɓa. A nuna mini su. Ina so in san ko da ƙuruciya na yi kuskure, ko yanzu."

Kotu ta fashe da dariya, har alƙali ya sunkuyar da kai. Lauyan ma ya yi murmushi, sannan ya zaro takardar nan ta ranar sallama, ya karanta a hankali: duk rabon sakin layi da lambar da ma'aikaci ya yi a maɗaba'ar, mallakin kamfani ne har abada. Ya nuna sa hannun. Gourahari, wanda bai taɓa barin hukunci ya wuce shi ba sai ya karanta sau uku, ya tuna cewa wannan takarda ko sau ɗaya bai karanta ba. Ya dafa katakon da ke gabansa.

A baranda kamfanin ya kawo sulhu: za su janye, in dai an sauya wa kowane hukunci wurin yanka. Madhusmita ta san shari'ar za ta iya cin shekara goma, shafin kuma a rufe. Ta amsa, ba ta iya kallon idon Gourahari ba.

Ya gwada. Hukunci na farko ya raba alƙali da maganarsa a tsakiyar tunani. Na biyu ya haɗa labari da hujja a jaka ɗaya. A na huɗu, wata shari'ar gona, hannunsa ya ƙi.

"Ba zan iya ba, 'yata. Ki sa na'ura ta datsa kowane layi goma, kamar mai yankan kifi."

Haka aka yi, shafin kuma yana nan, lauyoyin gindin bishiya suna amfani da shi.

Bara ya raka wani ɗan'uwansa kotu. Wani ƙaramin lauya yana karanto ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen nan daga wayarsa, ya faro daga tsakiyar zance. Alƙali ya ce, "Dakata. A ina dalilin ya fara?" Lauyan ya yi sama, ya yi ƙasa, gumi na zuba. Gourahari ya san wurin sarai. Har ya ɗan ɗaga daga benci, lambar tana bakinsa, sai ya tuna ta kamfani ce. Ya koma ya zauna.