Sukudirebar Baffa

Makon jiya motata ta fara wani siririn kuka duk sanda na taka totur. Na kai ta gareji a Ƙaraye. Bakaniken, waya maƙale a kunne, bai ko tayar da ita ba ya ce, "Malam, giyabos ne." Kwana uku tana warwatse a ƙasa. Da aka haɗa, kukan na nan, har ya ƙara gwanancewa.

Haushin nan ne ya tuna mini da marigayi Baffa, ƙanen mahaifina, bakanike a Rogo. Shi ba ya kwance abin da bai saurara ba. Na taɓa kai masa mota mai irin wannan kukan. Ya kafa tsinin doguwar sukudireba a jikin inji, ya ɗora kunne a ƙotarta, yana ƙanshin goro da baƙin mai. Na fara zuba masa bayani irin na aji.

"Kai ɗan boko, rufe mini baki, ita nake tambaya. Taka!"

Na taka. Ya ce boris ɗin fambel ne. Kafin la'asar motar ta yi shiru.

Shekaru nawa ina tsaye kusa da shi ban koya ba, wannan ya fi ƙona mini rai. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka kabarinsa, ni kuma Ya yafe mini sakacina.